KWANA BAKWAI A WANI ƘARAMIN OTAL A BOMBAI

DUK wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa yana da wani Bombai da ya gina a cikin kansa: manyan gidaje masu matattakala a tsakiyar falo, motoci masu sheƙi, jarumi ya sauko daga jirgi iska tana kaɗa masa gashi. Iyayenmu sun gan shi a Plaza da Marhaba da Orion, mu muka gan shi a kaset, daga baya sidi, yanzu ga shi a waya har da fassarar Hausa. To amma ɗan kasuwar da ya shiga birnin da jarin mutane a aljihu, wani Bombai ne daban yake tarbarsa, kuma a bakin ƙofar masaukinsa yake fara cin karo da shi. Tun 1995 hukuma ta mayar da sunan garin Mumbai, sai dai bakin 'yan kallo ya riga ya saba, don haka mai karatu ya yi mani uzuri in ya ga ina ta cewa Bombai.

A ƙarshen watan Yulin 2024 na bi wani dattijo ɗan kasuwar Kantin Kwari zuwa sarin yadi da sarƙoƙi da awarwaro, ni kuma da saƙon kayan rawa na wani kamfanin shirya fim. Tun a filin jirgin Kano Alhaji ya kafa mani doka. Ya ce, "Yaro, kuɗin ɗaki daga jari ake yankar sa. Duk abin da ka ba mai otal, dilar yadi ce ta ragu." Shi ya sa ba mu ko kalli inda manyan otal suke ba. Ƙaramin masauki muka nufa a unguwar Musulmi da ke kewayen titin Mohammed Ali, a kudancin birnin.

KAFIN KA GA GADO

Ta Addis Ababa muka bi, muka sauka da sassafe. Abu na farko da aka nema bayan fasfo da biza shi ne katin allurar shawara. Wanda ya taso daga Nijeriya ba shi da wannan kati, ana iya killace shi har kwana 6, ka ga kasuwa ta watse tun ba a fara ba. Sai kuma gyaran agogo: Indiya tana gaban Nijeriya da awa huɗu da rabi. Tasi kuwa a cikin filin jirgin muka biya kuɗinta a kanta, aka ba mu rasit, babu ciniki da direba a hanya.

Ga wani abin dariya da ke rikita baƙo. A wajenmu in aka ce otal, wasu har yanzu yamutsa fuska suke yi. A Bombai kuwa rabin wuraren da ka ga an rubuta otal a goshinsu gidajen abinci ne, ko gado ɗaya babu. Wurin kwana na masu ƙaramin ƙarfi an fi kiran sa loj ko gidan baƙi. Saboda haka in ka ce wa mutum ya nuna maka otal, kar ka yi mamaki in ya kai ka gaban tukunyar biriyani.

Wuri biyu muka shiga aka ce mana babu ɗaki, alhali ga makullai nan rataye a bayan mai karɓar baƙi. Dalili biyu ne ke jawo haka. Na farko doka ce. Duk masaukin da ya karɓi ɗan wata ƙasa wajibi ne ya cika wata takarda da aka fi sani da Form C, ya aika wa ofishin rajistar baƙi cikin awa 24, da lambar fasfonka da ta bizarka da ranar da ka shigo. Ƙananan masaukai da yawa ba su yi rajistar yin wannan aiki ba, don haka ba sa karɓar baƙin waje ko daga ina suke. Na biyu kuma, gaskiya ɗaya ce, wasu da zarar sun ga baƙar fata da koren fasfo sai fuska ta canza. Laifin wasu tsiraru masu harkar ƙwaya ya shafa wa kowa baƙin jini.

Muna tsaye a bakin titi da jakunkuna sai ga wani matashi ya matso, ya ce yana da ɗaki rabin farashi, babu fom, babu tambaya. Alhaji ko kallon sa bai yi ba. Da muka wuce ya ce mani, "Ka ji wannan arahar? Ita ce mafi tsada a garin nan." Hujjarsa a fili take. In 'yan sanda suka zo bincike, ko fasfonka ya ɓata, ko rashin lafiya ta sa kana neman ƙarin kwanakin biza, abin da za a fara tambaya shi ne ina ka kwana. Wanda ba shi a rajista ba shi da amsa. A wuri na uku aka karɓe mu, aka ɗauki hoton fasfo da biza, aka mayar mana da abinmu nan take. Kada ka yarda ka bar fasfonka ya kwana a kanta, kwafi ya ishe su.

Kafin mu biya, Alhaji ya yi tambaya uku. Farashin nan har da haraji ko sai an ƙara? Ƙarfe nawa kwana yake ƙarewa, sha biyun rana ko kuwa awa 24 ake ƙirgawa daga shigowa? Za a ba mu rasit mai sunan otal? Tambaya ta biyu ita ce ke cin mutane, domin wanda ya iso da asuba wani wurin sai a caje shi kuɗin daren da bai kwana ba.

ƊAKIN DA KANSA

Hawa na uku aka ba mu. Akwai lif, irin mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu, mutum biyu da jaka ɗaya ya cika. Ɗakin kuwa, wallahi shagon mai sayar da kaset a Bata ya fi shi fili. Gado biyu ƙanana, tsakaninsu taku ɗaya, fanka a sama, talabijin manne da bango, sai taga ɗaya mai ƙarafa. Ɗaki mai na'urar sanyaya wuri farashinsa daban, mu mai fanka muka ɗauka tunda damina ce.

Aikin farko da Alhaji ya yi shi ne ɗaga katifa ya haska ɗinkinta da tocilan. Ya ce shi ya yarda ya biya kuɗin ɗaki, amma ban da kuɗin cizo. Da ya ga babu, sai ya gwada sakatar ƙofa, ya buɗe famfo, sannan ya ce mu sauke kaya.

Banɗakin ya yi daidai da al'adarmu: bokiti da moɗa, ga ɗan tiyo a gefen masai, ba ka buƙatar neman buta. Ruwan zafi sai ka kunna wata 'yar tukunyar lantarki a bango ka jira. Matsalar ɗaya ita ce laima. A daminar Bombai in ka wanke riga ka shanya a ɗaki, kwana biyu tana nan da danshinta, bango kansa gumi yake yi. Sai kuma soket: nasu ramuka masu zagaye ne, kan cajarmu mai ƙafa uku faffaɗa ba ya shiga, dole ka sayi mahaɗi a shagon ƙasa.

Amma fa a yaba inda ya dace. Kwana bakwai cur wuta ba ta ƙifta ba ko sau ɗaya, babu ƙarar janareta. Talabijin ɗin kuma akwai tashoshin da ba sa nuna komai sai fim dare da rana. Daren farko ina kunnawa na ci karo da Dharmendra yana ta dukan 'yan daba, na ce to, lallai an iso.

GABAS TA KOMA YAMMA

Mu Hausawa mun saba, in an ce fuskanci gabas, salla ake nufi. To a Bombai Makka tana yamma, da ɗan karkata arewa. Ranar farko na ga Alhaji ya shimfiɗa darduma ya juya wa mafitar rana baya, jikina har wani iri ya yi kafin in saba.

Wannan ma yana cikin dalilan zaɓen unguwar. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen birnin Musulmi ne, kuma a nan suka fi yawa. A lokacin, kiran salla yana shigo mana har ɗaki. Masallacin Minara, wanda titinsa ke cika da masu sayar da abinci a daren azumi, tafiyar ƙafa ce. Ba ka fargabar yanka. Sai dai ka sani, tun 2015 jihar Maharashtra ta faɗaɗa haramcin yanka shanu har da bijimai, don haka jan naman da za ka samu na ɓauna ne ko na akuya. Biriyani da kabab da roti su muka yi ta juyawa. Ruwa kuma na gora, ka duba murfin ka tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba.

Yaron da ke yi mana hidima ɗan jihar Bihar ne, ci-rani ya zo, kamar yadda namu ke tafiya Legas. A baranda yake shimfiɗa tabarma ya kwana, ƙarshen wata ya tura kuɗi gida. Shi yana kiran Alhaji da Haji Sahab, ni kuma bhai, wato ɗan'uwa. Turancinsa kaɗan ne, Indiyancina kuma na fim ne, amma mun fahimci juna, domin Larabci ya bar mana gado ɗaya: su ce sabun mu ce sabulu, su ce khabar mu ce labari, duniya kuwa duniya ce a bakin kowa. Ranar da na jero masa finafinan Amitabh Bachchan guda goma ba tare da na numfasa ba, ya ajiye tiren shayi ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga abin mamaki. Daga ranar, shayinmu na safe bai ƙara makara ba. Shayin nasu ma rabin ƙaramin kofi ne, mai kauri da madara da citta, kurɓi uku ka gama.

ABIN DA TAGA TAKE NUNAWA

In ka leƙa tagar ɗakinmu, gadar sama ta J.J. ce ta bi ta kan titin Mohammed Ali, ƙarƙashinta kuma mutane kamar an tashi daga Idi. Tun asuba 'yan dako suke tura dogayen kura na katako, an lafta masu diloli, ruwa yana dukansu, ga hon ɗin motoci ba ƙaƙƙautawa. Mai sharar titi, mai guga da dutsen gawayi, mai kai shayi shago-shago, kowa gudu yake. Kwana bakwai ban ga mutum ɗaya yana rawa a cikin ruwan sama ba. Kowa lema ya riƙe yana neman na tuwo.

Amfanin masaukin ga ɗan kasuwa shi ne kusanci. Kasuwar Crawford, wadda aka gina tun 1869, da ƙafa muke zuwa. Kusa da ita ga Mangaldas, duniyar yadi, layi-layi kamar Kwari sai dai an rufe samanta. Gaba kaɗan ga Zaveri Bazaar ta masu zinare, ga Bhuleshwar inda ake sarin sarƙa da ɗankunne da awarwaro na kwalliya, irin waɗanda 'yan matanmu ke sawa a waƙa. Wanda ya sauka a otal mai kyau kusa da filin jirgi zai iya ƙone awa ɗaya ko biyu a cunkoso kafin ya iso nan, ya kuma ƙone irinsu a komawa. Mu kuwa ko mantuwa muka yi sai mu koma ɗaki mu ɗauko.

Kasuwa ba ta cika sai wajen ƙarfe 11 na safe. Za a shimfiɗa maka farar katifa, ka cire takalmi ka zauna, a kawo shayi, a yi ta warware maka yadi har sai ka rasa na zaɓe. In mai shago ya kaɗa kai hagu da dama, ba ƙi yake nufi ba, sau da yawa ma amincewa ce. Zuwa kwana na huɗu ɗakinmu ya zama sito, sai mun tsallake diloli muke kaiwa gado. Alhaji bai taɓa barin a ɗinke buhu ba sai ya ƙirga abin da ke ciki da hannunsa ya rubuta a littafi, sannan wakilin kamfanin dakon kaya ya zo ya auna ya ba da takarda.

DAMINA DA TSOHON GINI

A nan ne araha take iya zama ajali, don haka a saurara da kyau. Daminar Bombai daga Yuni zuwa Satumba take, kuma ba wasa ba ce. Ranar 26 ga Yulin 2005 ruwan da ya sauka cikin awa 24 ya kai milimita 944, gari ya tsaya cik. Gine-ginen wannan yanki kuma da yawa sun haura shekara 100. A ranar 31 ga Agustan 2017, bayan wani ruwa mai ƙarfi, wani tsohon bene ya rufta a Bhendi Bazaar, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, mutum fiye da 30 suka rasu. Ana ta rushe tsofaffin gidajen unguwar ana gina sababbi, amma tsofaffin da suka rage ba kaɗan ba ne.

Shi ya sa daren farko, kafin mu kwanta, Alhaji ya ja ni muka sauka ta matattakala tun daga hawa na uku har titi, don mu san hanya in wuta ta tashi, mu kuma ga ko an toshe ta da kaya. Ya dubi bango ko akwai tsaga, ya dubi wayoyin lantarki. Ya ce in ka ga an tokare rufin bene da itace ko ƙarfe, ɗauki jakarka ko da kyauta aka ba ka ɗakin. Minti biyar wannan dubawa ta ci mana.

KUƊI DA SAƘO

Wajen mai canji mai lasisi muka canza kuɗi, muka karɓi rasit. A yi hattara da ragowar rufi da wani zai ba ka daga gida ya ce tun tafiyarsa ta baya ya ajiye. A ranar 8 ga Nuwamban 2016 gwamnatin Indiya ta soke tsofaffin takardun 500 da 1,000 cikin dare ɗaya, a watan Mayun 2023 kuma aka fara janye takardar 2,000. Su 'yan gari yanzu har mai shayi da waya ake biyan sa, amma baƙon da ba shi da asusun banki a can tsabar kuɗi ce abokiyar tafiyarsa. Kada ka bar ta a ƙarƙashin matashin kai, kada kuma ka ƙirga ta ƙofa a buɗe.

Sai babban gargaɗi. A irin waɗannan masaukai za ka haɗu da 'yan Afirka daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu mutanen kirki masu neman halal ko masu jinya. Amma ana gobe za mu taso wani ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da fara'arsa, wai a taimaka a kai wa ƙanwarsa wani ɗan ƙunshi Legas. Alhaji ya ce masa ya buɗe a gani. Ya ce ai an riga an naɗe. Alhaji ya ce to Allah ya haɗa shi da wani. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Indiya ta 1985 tana kai mutum ɗaurin shekara 10 zuwa 20 in kayan sun kai na fatauci, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ya fitar da kowa cikin sauƙi.

LAHADI RANAR 'YAN KALLO

Ranar Lahadi yawancin shagunan sari a rufe suke, sai na samu sararin biyan bashin zuciya. Tasi baƙa mai ruwan ɗorawa ta kai ni silimar Maratha Mandir, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Mumbai Central. A nan ake nuna "Dilwale Dulhania Le Jayenge" da ƙarfe 11:30 na safe, fim ɗin da ya fito a ranar 20 ga Oktoban 1995, aka kuma yi shekara da shekaru ana nuna shi a nan, in ban da hutun dole na annobar korona. A 2025 ya cika shekara 30. Kuɗin shiga bai kai na farantin biriyani ba. 'Yan kallo suna riga Shah Rukh Khan faɗin maganarsa, ana fito ana tafi, kai ka ce Marhaba ce a zamaninta. Ina zaune na tuna cewa korayen duwatsun nan da muka ɗauka Indiya ce, a Suwizalan aka ɗauke su.

Daga nan na hau jirgin ƙasa zuwa Bandra. Jiragen nan suna ɗaukar wajen mutum miliyan 7 a rana, da taragon mata daban, Allah ya so ni Lahadi ce. A Bandra na fara ganin A Daidaita Sahu, domin an hana su shiga kudancin birnin. Na wuce ta gaban sutudiyon Mehboob, wanda Mehboob Khan, daraktan "Mother India", ya kafa a 1954, na ƙarasa bakin teku inda gidan Shah Rukh mai suna Mannat yake. Abin da za ka gani katanga ce da ƙofa da masu gadi, sai taron jama'a suna ɗaukar hoto.

Gaba da nan, a Andheri, dubban matasa ne daga kowane lungu na Indiya suke haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya su huɗu su biyar, kullum suna yawon gwaji da hotunansu. Amitabh da kansa ya ba da labarin kwanan da ya yi a kan benci a bakin tekun Marine Drive kafin duniya ta san shi. Masu riƙe fitila, masu ɗinka kayan rawa, 'yan rawar da ke bayan jaruma, da yawansu a ɗaki irin namu suke kwana, wasu ma bai kai shi ba. Da na dawo da daddare na tsallake diloli na hau gadona, sai na ji ɗakin ya ƙara fili.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Na san a cikin masu karanta mujallar nan akwai waɗanda watarana za a damƙa wa jari a ce su je Bombai. Ku riƙe waɗannan. Ku nemi bizar da ta dace da abin da ya kai ku, kada ku wuce kwanakinta ko da ɗaya. Ku sauka inda za a rubuta sunanku a rajista, kusa da kasuwar da za ku yi sari. Ku ga ɗaki da idonku kafin ku biya, ku san hanyar fita, ku karɓi rasit. Ku kyautata wa yaran otal, su ne za su nuna maku mai canjin gaskiya da gidan abinci mai tsafta. Ku gama aikin mutane tukuna, kallo ya biyo baya.

Mu dai kayanmu sun iso Kano cif-cif yadda Alhaji ya rubuta a littafinsa, kayan rawar ma an riga an yi waƙa biyu da su. Allah ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema, ya mayar da matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.